Muhawara: gashin yaro yana zubewa, ina iyakar maganin gida?

Maman Abba

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Na zo neman shawara a kan ɗana mai shekara 7, wanda gashin kansa ya fara zubewa wuri-wuri tun kimanin wata biyu da suka wuce. Abin ya faro ne da wani ɗan fili a tsakiyar kai wanda faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, fatar wurin ta yi toka-toka tana fitar da gari kamar amosani, kuma idan aka duba da kyau sai a ga gashin ba tsigewa ya yi daga tushe ba, kakkaryewa ya yi ya bar ɗigo-ɗigon baƙi. Yanzu filayen sun kai uku, yana susa sosai da dare, kuma na taɓa ƙananan kaluluwa a bayan wuyansa.

Kakarsa ta wajen uba ta ce ƙora ce, wadda wasu suke kira makero, ta kuma umurce ni da in riƙa dafa ganyen darbejiya ina wanke masa kai da ruwan idan ya huce, sannan in shafa man kaɗanya haɗe da man habbatus sauda safe da yamma. Sati uku ke nan ina yi ba fashi. Ƙaiƙayin ya ragu, fatar ta yi laushi, amma gashin bai tsiro ba, kuma fili na uku ya fito ne muna cikin maganin. Ni a gidan da ake girmama maganin gargajiya na tashi, ba na son ɗura wa yaro ƙwayoyi matuƙar akwai abin da zai warkar da shi a cikin gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran makarantarsu sun fara tsokanarsa, har ya kai ba ya yarda ya cire hula ko a ɗaki. Don Allah masu sani su taimaka mini.

Inna Mai Kitso

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Na raini 'ya'ya takwas da jikoki masu yawa, kuma sana'ata ta sa kawunan yaran da suka ratsa hannuna ba za su ƙirgu ba. Abin da surukarki ta faɗa miki shi ne abin da iyayenmu suka yi mana, sai dai ina ganin kin ɗauki rabi kin bar rabi. A da, idan yaro ya yi ƙora, ba kansa kaɗai ake duba ba. Ana ware masa matajinsa da hularsa, ana wanke zanen da yake kwana a kai a shanya shi a rana mai zafi, ana yanke masa farce domin kada ya ji wa kansa ciwo da susa, ana wanke kan da sabulun salo ko ganyen magarya da aka daka, sannan a gyara masa ciki da abinci, wato wake da zogale da miyar kuka da nono mai kyau. Gashi daga cikin jiki yake fitowa, kuma ƙasar da ba ta da taki ba ta fitar da shuka. Ki ƙara haƙuri, sati uku ba komai ba ne a wajen gashi. Na ga yara da yawa da suka yi fama da ƙora, da suka girma ta bar su ba tare da sun taka asibiti ba.

Baban Walida

Maman Abba, a garinmu abin da ake yi shi ne a kankare wurin da reza har sai ya yi ja, sannan a goga tafarnuwa ɗanya da lemun tsami. Wasu kuma man birki suke ɗigawa, suna cewa kwana uku ya ishe shi ya bushe. Ban gwada wa nawa yaran ba, amma na ga ana yi, shi ya sa na kawo.

Anti Nas

Baban Walida, na gode da ka kawo wannan magana fili, domin abin da mutane da yawa suke yi ke nan a ɓoye, amma ina roƙon Maman Abba da duk mai karantawa kada a kusanci ko ɗaya daga cikinsu. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata kamar wuta idan ta jima a kai, balle fatar yaro da aka riga aka kankare. Man birki, da kananzir, da baƙin cikin batir, duk guba ne. Abin da ake gani kamar bushewa ƙuna ce, kuma wurin da ya ƙone ya yi tabo gashi ba ya sake tsirowa a kansa har abada. A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin yara na asibiti, na karɓi yara fiye da ɗaya waɗanda ƙorarsu mai sauƙin magani ce, amma abin da aka shafa musu ya bar su da sanƙo na dindindin.

Yanzu ga maganar Abba. Ba zan iya yanke hukunci ba tare da an ga kan yaron ba, amma abin da mahaifiyarsa ta siffanta, wato fili mai gari, da gashin da ya karye ya bar ɗigon baƙi, da ƙaiƙayi, da kaluluwa a wuya, duk ya yi daidai da ƙora, kamar yadda kakarsa ta faɗa. Ƙora ƙwayar cuta ce dangin funfuna, kuma abin da ya kamata kowace uwa ta gane shi ne ba a saman fata kaɗai take zama ba. Tana bin ƙofar gashi ta gangara har saiwarsa, ta shiga cikin silin gashin ta cinye shi daga ciki, shi ya sa yake karyewa. Duk abin da aka shafa a sama, na gida ne ko na kemis, ba ya kai wa can. Wannan ne ya sa makeron hannu ko na fatar ciki yakan warke da man shafawa, amma na kai sai da maganin sha wanda jini zai kai shi saiwar gashi. Maganin da aka fi sani shi ne girisofulbin, wanda ake amfani da shi tun shekarar 1958, ana shan sa kullum tsawon sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Akwai kuma tabinafin, wanda sau da yawa sati 4 ake yi ana shan sa. Likita ne yake zaɓa, kuma gwargwadon nauyin yaro ake aunawa, saboda haka ba abin da za a saya a kemis da ka ba ne.

Inna, abin da kika faɗa a kan ware mataji da hula da shanya shimfiɗa a rana, ko a asibiti shi muke faɗa wa iyaye. Amma game da yaran da ƙora ta bari da suka girma, akwai dalili. Idan yaro ya balaga, fatar kansa takan fara fitar da maiƙon da yake hana wannan ƙwaya sakewa, shi ya sa cutar ta fi yawa a tsakanin ƙananan yara, ba kasafai ake ganin ta a kan manya ba. To, Abba shekararsa 7. Jiran balaga yana nufin shekara biyar ko shida yana susa, yana yaɗa wa ƙannensa, yana ɓoye kai a cikin hula.

Inna Mai Kitso

'Yata Nas, ban ƙi maganarki ba, kuma na ji daɗin yadda kika fayyace. Amma ki ba ni amsa a kan abu biyu. Na farko, ana cewa waɗannan ƙwayoyi suna taɓa hanta, kuma yaro ɗan shekara bakwai a ce zai yi wata biyu yana sha kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, ba kowa ne yake da kuɗin kati da na gwaji da na magani ba, alhali darbejiya tana ƙofar gida. Shin iyayenmu da suka yi amfani da ita shekara da shekaru, a banza suka yi?

Anti Nas

Ba a banza suka yi ba, Inna, kuma tambayoyinki biyu duk suna kan hanya. An gwada ruwan ganyen darbejiya a ɗakunan bincike, an ga yana rage ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi idan ya same su kai tsaye, kuma ita kanta Maman Abba ta shaida cewa ƙaiƙayi ya ragu. Matsalar ita ce abin da yake cikin silin gashi ruwan wanka ba ya isa gare shi. Shi ya sa fili na uku ya fito ana tsakiyar magani. Ban ga laifin ci gaba da wanke kan da shi ba idan bai sa fatar ta yi ja ba, amma a matsayin mataimaki. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne kada a ba yaro man 'ya'yan darbejiya ya sha, domin an samu jarirai da ƙananan yara a Indiya da Malesiya da ya sa su amai da jijjiga, wasu har suka rasu.

Game da hanta, gaskiya ne magungunan nan ta hanta suke bi, shi ya sa likita yake tambaya ko yaro ya taɓa yin ciwon shawara ko wani ciwon hanta, da kuma irin magungunan da yake sha. A kan yara masu lafiya, abin da aka fi gani shi ne ciwon kai ko tashin zuciya ko ɗan ciwon ciki, kuma yawanci yakan wuce. Idan ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ƙuraje suka feso, sai a dakata a koma asibiti. A lokacin da yaro yake shan maganin kuma, kada a haɗa masa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake ciki ba, domin nauyin zai yi wa hantar yawa.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ɓoye ba, tana da nauyi, kuma na san gidajen da ake barin magani a sati na biyu saboda ya ƙare babu na sayen wani. Abin da zan ce shi ne ba sai an je babban asibiti ba tukuna. Asibitin unguwa ma ana gane ƙora da ido. Idan ta ƙi jin magani, ko an yi shakka, sai a tura yaro wajen likitan fata a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake kankaro garin fatar da 'yan silin gashi a duba a madubin likita. Hatsarin jinkiri shi ne wani lokaci wurin yakan kumbura ya yi taushi yana tsattsafo da mugunya kamar maruru. Mutane sukan kai wa wanzami ya tsaga, alhali ba maruru ba ne kuma ba a tsaga shi, kuma shi ne yake yawan barin tabo.

Ɗan Wanzamai

Tunda an ambaci sana'ar gidanmu, ya zama dole in sa baki. Na gaji aski daga mahaifina, shi ma ya gada daga nasa, kuma yanzu ina da shago ina amfani da injin aski. Gaskiyar da ba kowane mai aski yake son faɗa ba ita ce ƙora da yawa daga hannunmu take yaɗuwa. Ranar jajiberin Salla, ko daren komawa makaranta, mai aski yakan yi wa yara talatin aski da inji ɗaya, iyakar abin da zai yi tsakanin kai da kai shi ne ya hure gashin ko ya goge da buroshi, shi kuma buroshin ya fi injin datti. A makarantun allo ma haka ne, reza ɗaya takan zagaye almajirai da yawa. Maman Abba, ki tuna ko an yi masa aski a sabon wuri kafin abin ya fito. Shawarata ga duk mai hali ita ce ya saya wa 'ya'yansa injinsu, ko aƙalla mataji da reza tasu, ya riƙa zuwa da su. Wanda ba shi da hali, ya tsaya ya ga an cire gashin da ya maƙale a haƙoran injin, an wanke su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin a ɗora a kan ɗansa. Mai askin da ya ji haushin wannan buƙata, a sauya shi.

Kankare wurin da reza kuwa, mahaifina bai taɓa yarda da shi ba. Yakan ce aska ta taɓa ƙora, ta zama mai raba ta.

Maman Abba

Malam, ka tuna mini. Da Babbar Salla an kai shi aski tare da 'ya'yan maƙwabta a wani shago da ba mu saba zuwa ba, kuma 'yan makonni bayan nan abin ya fito. Muna kuma da kyanwa a gida wadda yake yawan ɗauka. Anti Nas, ko ita ma tana iya zama sanadi? Sannan kakarsa tana cewa a aske wuraren da abin ya taɓa kaɗai domin magani ya shiga.

Malamin Islamiyya

Kafin Anti Nas ta amsa, zan yi magana a kan aski da kuma habbatus sauda, domin ana yawan jingina su ga addini. Ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a aske wani sashe na kan yaro a bar wani sashe. Malamai sun yi rangwame idan akwai larurar magani, amma idan babu larura, ko dai a aske duka ko a bar duka. Hadisin habbatus sauda ma ingantacce ne, cewa akwai waraka a cikinta daga kowace cuta ban da mutuwa. Sai dai malamai sun daɗe suna bayanin cewa kowane magani yana da gwargwado da hanya da cutar da ya dace da ita, kuma wanda ya faɗi wannan hadisi shi ne ya umurci bayin Allah da su nemi magani. Ban san wani nassi da ya ce wanda ya shafa habbatus sauda kada ya je wajen likita ba. Ina faɗar haka ne domin a makarantarmu na ga iyayen da suke ɗaukar zuwa asibiti kamar raunin tawakkali, wasu kuma da zarar gashin yaro ya zube sai su ce kambun baka ne. A yi wa yaro addu'a, a tofa masa safe da yamma, wannan sunna ce kuma tana kwantar masa da hankali, sannan a kai shi a duba shi. Mu malamai kuma haƙƙinmu ne mu tsawata wa yaran da suke tsokanar ɗan uwansu saboda larura. Maman Abba, ki yi wa malamin ajinsu magana a keɓe.

Anti Nas

Allah ya saka da alheri, Malam. Maman Abba, kyanwa da kare suna ɗauke da wani nau'in wannan ƙwaya, saboda haka ki duba jikinta, musamman fuska da kunnuwa, ko akwai inda gashi ya zube, idan akwai a kai ta wajen likitan dabbobi. Aski kuma ba sharaɗi ba ne, tunda maganin ta jini yake zuwa. Ki duba kawunan sauran yaran gidan, domin wani yakan ɗauki ƙwayar ba tare da alama ta fito ba. Yawanci akan ba da sabulun wanke kai mai ketokonazol a riƙa amfani da shi sau biyu a sati, a bar kumfar kamar minti 5 kafin a ɗauraye, domin ya rage yaɗuwa. Ki guji mayukan kemis da ake cewa suna maganin cuta uku a haɗe, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da yake kwantar da ja da ƙaiƙayi ya bar ƙwayar tana ƙaruwa a ƙarƙashi.

Yaya ta Damagaram

Ina bin wannan muhawara da kyau, kuma ina so in kawo tawa damuwar, ko da yake ta bambanta. 'Yata shekararta 5, babu gari babu ƙaiƙayi a kanta, amma gashin gaban goshinta da na gefen kunnuwa ya janye baya sosai. Wata maƙwabciyata 'yar Chadi ta ba ni garin cebe da man karkar, ta ce da su matan can suke samun dogon gashi. Ina shafa mata wata biyu ke nan ban ga canji ba.

Inna Mai Kitso

Wannan kam fagena ne, 'yata, kuma ba sai an je ko'ina ba. Kitso ne ya ci mata gaban goshi. Ki faɗa mini gaskiya, idan an gama yi mata kitso, ba ta kwana tana kuka ba? Ba kya ganin ƙananan ƙuraje a layin gaban? Mu makitsa muna da laifi a nan, iyaye ma suna da shi, domin uwa ce take cewa a ja sosai ya daɗe bai tsufa ba, a kama har ɗan gashin da bai kai a kama ba, a ƙara zare ko gashin kanti mai nauyi, a ɗaure da roba a rataya duwatsu. Saiwar gashin yarinya 'yar shekara biyar ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. Ki tsefe mata yau, ki bar kan ya huta wata biyu ko uku, in ya zama dole a yi mata manyan kalaba sakwa-sakwa waɗanda ba su taɓa gaban ba. Ki riƙa wanke mata da karkashi, domin yauƙinsa yana warware gashi ba tare da an fizge shi da mataji ba, ki taje daga baki zuwa tushe, ki shafa man kaɗanya kaɗan. Kada man miƙar da gashi ya kusanci kanta. Cebe kuwa, matan da suka san shi a jikin gashi suke shafa shi domin kada ya karye, ba sa cusa shi a fatar kai, kuma ba ya tsirar da gashin da aka tumɓuke. Idan aka daina ja da wuri gashin yana dawowa. Idan aka yi shekaru ana ja, wurin yakan mutu, kuma kina ganin manyan mata da yawa da goshinsu ya tafi tun suna yara.

Anti Nas

Ba ni da abin da zan ƙara a kan maganar Inna ko kalma ɗaya.

Baban Sadik

Ni kuma ɗana mai shekara 10 an wayi gari an ga fili biyu a kansa, sumul kamar tafin hannu, babu gari, babu ƙaiƙayi, babu ciwo. An ba mu maganin ƙora a kemis bai yi komai ba. An ce mini ruwan albasa yana yi. Ko akwai gaskiya a ciki?

Anti Nas

Baban Sadik, abin da ka siffanta ya fi kama da wata larura dabam, wadda garkuwar jiki take juyowa ta far wa saiwar gashi. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma maganin ƙora ba ya yi mata komai. Saiwar ba mutuwa take yi ba, shi ya sa idan filayen ƙanana ne kuma ba su da yawa, sau da yawa gashin yakan dawo da kansa a cikin shekara guda, wani lokaci ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Wannan ne ma ya sa kowane magani yake samun masu yi masa shaida a wannan larura, domin duk abin da ake shafawa a lokacin da gashin ya tashi dawowa shi ake yaba wa. Game da albasa, likitocin fata a Bagadaza sun yi wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2002, a kan mutanen da ba su kai 40 ba, inda waɗanda suka shafa ruwan albasa suka fi waɗanda suka shafa ruwan famfo samun tsirowar gashi. Gwajin ƙarami ne ƙwarai, amma albasa ba ta da hatsarin tafarnuwa, sai dai a gwada a ɗan wuri tukuna, a daina idan fata ta yi ja. Duk da haka ka kai shi wajen likitan fata ya tabbatar, musamman idan filayen suna ƙaruwa ko gira ta fara zubewa. Ka kuma lura ko shi da kansa yake tsigar gashin, domin wasu yara suna yin haka idan suna cikin damuwa, kamar bayan rasuwa a gida ko sauyin makaranta ko tsangwama, kuma irin wannan ba duka ko faɗa yake so ba, jan yaro a jiki yake so.

Tunda muna kai, akwai iri biyu da ba a tambaya ba amma suna da yawa a wajenmu. Yaron da ya yi zazzaɓi mai tsanani, kamar na cizon sauro ko taifot ko ƙyanda, gashinsa yakan yi ta zubewa ko'ina a kai bayan wata 2 zuwa 3, a lokacin da iyaye sun manta da zazzaɓin. Wannan yana dawowa da kansa, sai dai a sani gashi kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, wato yaron da gashinsa ya yi ja-ja, ya yi laushi, yana tsigewa da an taɓa, ga kumburin ƙafa ko rama. Wannan tamowa ce, ba ciwon fatar kai ba, kuma babu man da zai gyara ta. A kai shi cibiyar kula da masu tamowa ba tare da jinkiri ba. A nan maganar Inna ta taki da shuka ta fi ko'ina dacewa. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi, hanta, zogale da alayyahu su ne abincin gashi, kuma a rage ba yara shayi tare da abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da yake gina jini.

Mai Maganin Gargajiya

Na yi shiru ina karantawa domin in ji inda za a ajiye mu. Shekara ashirin ke nan ina wannan sana'a, kuma ba zan ce duk abin da Anti Nas ta faɗa ya yi mini daɗi ba, domin ina da yaƙinin cewa akwai itatuwan da ba a bincika ba tukuna. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja daga haɗin masu maganin gargajiya ta samo maganin sikila da ta fitar, saboda haka raina ganye kuskure ne. Amma a kan ƙorar kai, abin da idona ya gani ya yi daidai da nata. Wanki da shafe suna kwantar da ita, sai ta dawo. Yanzu idan aka kawo mini yaro mai fili da gari, ko mai mugunya, asibiti nake tura su, in ba su abin wanki su haɗa da shi. Ina kuma gargaɗin iyaye a kan lalle, domin wasu suna cusa wa jarirai shi a ka. Akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jininsu wanda lalle yake iya farfasa musu jini, kuma uwa ba za ta gane ɗanta yana cikinsu da ido ba. Baƙin lallen kanti kuma sinadarin rini ake zuba masa, yana tayar da fata. Jaririn da gashin ƙeyarsa ya goge saboda kwanciya ba ya buƙatar komai, da ya fara zama zai fito.

Maman Abba

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari kamar yadda ya kamata. Na karanta wa mahaifinsa da kakarsa duk abin da aka rubuta, kuma maganar Malam da ta Mai Maganin Gargajiya su ne suka sa Hajiya ta amince. Mun je asibiti, likita ta duba ta ce ƙora ce, aka auna nauyinsa aka rubuta masa girisofulbin na sati 8 da sabulun wanke kai. Ta ce in riƙa ba shi bayan ya ci abinci mai maiƙo ko ya sha madara, domin ta haka maganin ya fi shiga jiki, saboda haka Hajiya ce da kanta take zuba masa man shanu a tuwon dare kafin ya sha. Na tambaye ta game da darbejiya da man kaɗanya, ta ce ba ta hana ba muddin fatar ba ta yi ja ba, kuma kada in daina maganin sha don na ga sauƙi. An duba ƙanwarsa, an ga wani ɗan wuri a bayan kunnenta da ni ban lura da shi ba, ita ma an sa ta a magani. Mahaifinsu ya sayo injin aski, na wanke huluna da rigunan filo da ruwan zafi, na zubar da tsofaffin matajai. Likitar ta ce ba sai ya daina zuwa makaranta ba tunda ya fara magani, kuma na yi wa malaminsu magana.

Yau kwana 24 da farawa. Garin ya ɗauke, kaluluwar ta sauka, kuma a fili na farko na ga wani laushin gashi kamar na jariri ya fara fitowa. Sauran biyun har yanzu babu komai. Jiya ya cire hula ya yi wasa a tsakar gida. Kyanwar ce ban samu kai ta wajen likitan dabbobi ba tukuna, kuma na ga wani wuri a kunnenta da gashi ya zube, saboda haka na hana yaran ɗaukarta.

Inna Mai Kitso

Alhamdu lillahi, 'yata, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaishe mini da Hajiya. Ita ƙanwar tasa kada a kai ta gidan kitso sai ta gama magani, kuma ki sanar da makitsiyarta domin ta wanke matajanta da tsinken tsaga da ruwan zafi kafin ta taɓa kan wata yarinya. Yaya ta Damagaram, muna jiran mu ji ko kin tsefe wa tawa jikar kitson.